Layin dogon Nsawam da na Tema: me ya hana jirgi tafiya kullum?

Mai Albasa, Adjen Kotoku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, ina so masu sani su sa baki. Tun watan Yulin 2021 da aka tashe mu daga Agbogbloshie da ke cikin Accra, babban birnin Ghana, aka kawo kasuwar albasa nan Adjen Kotoku, abin da ya fi damunmu hanya ce. Matan da ke sarin buhu ɗaya ko biyu su kai Nima ko Makola, kuɗin mota ke cinye musu riba, ga aikin titin Ofankor zuwa Nsawam ya ƙara wahalar. Alhali ga layin dogo nan kwance kusa da mu. Shi ne ya bi ta Amasaman, Pokuase, Dome, Achimota, ya shige har tashar Accra da ke jikin kasuwar Kantamanto. Me ya hana a sa jirgi ya riƙa kai da komo a kansa kullum? Taragon mutane, taragon kaya, ai da mun samu sauƙi.

Ɗan Nima:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni direban trotro ne, wato bas ɗin haya, a kan titi nake cin abinci, amma wallahi ina goyon bayanka. Mutane na zaton mu ne za mu fara ƙin jirgi. A'a. In na tsaya cikin cunkoso daga Pokuase zuwa Circle, mai na ƙonewa, fasinja na faɗa da yaron mota, sawu nawa zan yi a yini? Gara jirgi ya sauke mutane a Achimota ni in kwashe su zuwa unguwanni, gajeriyar tafiya, in je in dawo.

Malam na Sabon Zango:
Alhaji, ka taɓo abin da ya daɗe a raina. Amma kafin a ce me ya hana, a fara sanin don me aka shimfiɗa layin, domin ba don kai ma'aikata wurin aiki aka yi shi ba.

Turawa sun fara aikin dogo a Sekondi a 1898 saboda zinariya. Ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, Kumasi a 1903. Namu na Accra daga baya ya zo, shi kuma saboda kokon da manoman Akuapem da Akyem ke nomawa, wanda ya sa ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi a 1911. An fara aikin a 1909, ya isa Nsawam a 1910, Koforidua a 1915, sai a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg aka haɗe shi da Kumasi. Duk manufar ɗaya ce, a kwaso daga daji a kai bakin teku.

Reshen Tema kuwa a 1954 aka yi shi, ya rabu da babban layi a Achimota, saboda ginin tashar jiragen ruwa ta Tema da aka buɗe a 1962. Dalili ke nan da ya sa in ka hau jirgin Tema daga Accra sai ya fara nufar arewa zuwa Achimota kafin ya karkata gabas. Kotoku ɗin da kake zaune ma, Alhaji, mahaɗa ce. A nan layin da ya taso daga Huni Valley ya biyo ta Achiasi ya haɗu da na Accra a 1956.

Mu ma muna da rabo a tarihin. Fataken da a da suke kora jakuna daga Gonja zuwa Kano su yi watanni a hanya, da yawansu sun koma ɗora huhun goro a jirgi zuwa bakin teku, daga nan jirgin ruwa ya kai Ikko. Ku duba zangon Nsawam da na Koforidua da na Sekondi, duk garuruwan tasha ne. Kuma cikin waɗanda suka yi aikin diga da gumin jikinsu akwai mutanen arewa masu yawa, ga shi har yau dogon bai wuce Kumasi ya nufi wajensu ba.

Maman Yara, Mamobi:
Allah ya saka da alheri Malam. Yarana sun tashi a garin nan amma ba wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa, a talabijin kawai suke gani.

Jikan Baba, Nsawam:
Salamu alaikum. Na karanta wa kakana abin da kuke tattaunawa, ya ce lallai in rubuta masa. Ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Ga maganarsa kamar yadda ya faɗa:

'Ya'yana, Malam ya faɗi gaskiya, amma jirgin kaya da aka yi ai ya ɗauki mutane, kuma ya ɗauke su da kyau. Daga Ankara, wato Accra, zuwa Kumasi wajen kilomita 300 ne, mutane na hawa da kayansu da kajinsu. In jirgi ya tsaya a nan Nsawam, kafin ƙafarsa ta gama tsayawa mata sun kewaye tagogi da burodi a ka, ana miƙa kuɗi ta sama ana karɓar canji jirgi na motsi. Burodin Nsawam da kuke saye a bakin titi yanzu, a da a tasha ake rububinsa.

Abin da nake so ku gane shi ne dogo ba ya mutuwa rana ɗaya. Mu a zamaninmu kowace ƙungiyar lebura tana da yankinta. Da sassafe mutum zai bi layi a ƙasa da guduma, yana bugun ƙarfe yana saurare, in ƙusa ta saki ya ɗaure, in katakon da ke ƙarƙashin dogo ya ruɓe ya yi masa alama a canza. Amma babban aikin shi ne yashe magudanar ruwa. Ruwa ne abokin gaban dogo. In ya kwanta a gefen layi sai tsakuwar ta nutse cikin laka, katako ya ruɓe, tazarar ƙarafan ta buɗe, rana ɗaya ƙafar jirgi ta faɗa tsakani. Da aka rage lebura aka daina wannan zagaye, daga nan ciwon ya fara. Sayen sabon jirgi ba ya maganinsa.

Malam na Sabon Zango:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan bayanin ba a samun sa a littafi.

Hajiya ta Tema:
Ni kam na hau shi sosai, bari in ba ku labarin yadda yake. Gwanjo nake saro wa a Kantamanto in kawo Tema. Lokacin da marigayi Shugaba Atta Mills ya ƙaddamar da jiragen da aka kawo daga Sin a 2010, mu 'yan kasuwa mun yi murna ƙwarai. Ka yi asuba ka fito, jirgi ya tashi gari bai gama wayewa ba. In ya zo Sakumono teku na gefe guda, tafki na ɗaya gefen, iska mai sanyi na shigowa. Kafin a wuce Nungua da Baatsona ya cika, masu tsayuwa sun fi masu zama. Ma'aikata da jakunkunansu, 'yan makaranta, mu da manyan buhuna, ga mai wa'azi, ga mai tallar magani. Kuɗin tikiti bai kai abin da za ka kashe a mota biyu ba, kuma ba mai ce maka ka biya wa buhu kujera.

Daga Achimota zuwa cikin gari ne hankali ke tashi. Wajen Alajo da Avenor jirgi rarrafe yake yi, direba na ta busa ƙaho. Da idona na ga mace ta janye tiren tumatir daga kan dogo da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da yaro, jirgi na wucewa ta mayar da tiren inda yake. Rufin wasu rumfunan in ka miƙa hannu ta taga za ka taɓa.

To abin da ya sa mutane suka janye jiki shi ne sawu ɗaya da safe, ɗaya da yamma. In ciniki ya riƙe ka jirgin yamma ya tafi, shi ke nan, sai ka nemi mota da kayanka. Sannan yau yana nan, gobe a ce ya tsaya. A 2017 jirgi ya sauka daga kan dogo wajen Tesano aka dakatar, sai farkon 2019 na Tema ya dawo. Mai neman abinci ba zai ɗora kasuwarsa a kan abin da bai da tabbas ba.

Ɗan Nima:
Hajiya, wannan sawu ɗayan shi ne ban taɓa ganewa ba. Jirgin na nan, direba na nan, me ya hana ya yi ta juyawa?

Ɗalibar Injiniya, Madina:
Yaya, bari in gwada amsawa da ɗan abin da muka koya. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Jirgi biyu ba sa kaucewa juna sai a tashar da aka yi wa reshe, ɗaya ya ratse ya jira ɗaya ya wuce. In rassan nan ba sa aiki, ko babu na'urar ba da hannu mai kyau, jirgi ɗaya kawai za ka iya sakewa a dogon yanki. Ƙara da abin da Hajiya ta faɗa na rarrafe, sai tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ta ci lokaci mai yawa. In jirgin da ke aiki ɗaya ne kuma ya lalace, babu madadi.

Akwai kuma maganar faɗi. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sabon da aka yi daga Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kilomita 97, milimita 1,435 ne. Kamfanin Afcons na Indiya ne ya gina shi da rancen bankin Exim na Indiya, jiragensa kuma kamfanin Pesa na ƙasar Poland ya ƙera, aka ƙaddamar a Nuwamban 2024. Ya bi ta Ashaiman da Afienya, ya tsallaka kogin Volta. Amma jirgin da ya taso daga can in ya zo Tema ba zai iya zarcewa Accra ba, don ƙafafunsa ba za su zauna a kan tsohon layi ba. Mutumin Ashaiman da ke aiki a Circle sai ya sauka ya nemi wata hanya.

Ɗan Madina:
To ai ga shi nan. An ci bashin ɗaruruwan miliyoyin dala an kai dogo inda mutane ba su da yawa, an bar inda mutum fiye da miliyan 5 ke shan wahala kullum. Ƙidayar 2021 ta nuna yawan mutanen yankin Accra. Kun manta da jirgin da aka ce zai bi ta saman gari, wanda aka sa hannu a kansa a Afirka ta Kudu a 2018? Ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba. An buɗe ma'aikatar jiragen ƙasa sukutum a 2017, ina amfaninta?

Alhaji na Fadama:
Ɗana, kada ka ɗora wa gwamnati ɗaya. Jirgin fasinja na Accra zuwa Kumasi tun farkon shekarun 2000 ya tsaya, manyan jam'iyyun ƙasar nan biyu kowacce ta yi mulki bayan haka, ba wadda ta dawo da shi. Kuma layin Mpakadan ba aikin banza ba ne. Don kwantena aka yi shi, a kai bakin tafkin Volta a ɗora a jirgin ruwa zuwa Buipe, da niyyar wata rana ya miƙe har Burkina Faso. In hakan ta tabbata tirelolin da ke farfasa mana titi za su ragu.

Ɗan Madina:
Alhaji, da girmamawa, shekara nawa muna jin wata rana? Ma'aikatar ma an rushe ta a 2025 an mayar ƙarƙashin ta sufuri. Ma'aikatan reluwe kuma suna ta kukan albashin watanni a rediyo.

Mai kula da zaure:
Jama'a, don Allah a bar maganar jam'iyya. A tsaya kan dogo.

Malam na Sabon Zango:
Tunda an ce a tsaya kan dogo, zan faɗi wadda ba za ta yi daɗin ji ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Su wa ke zaune a kan filin reluwe? Matar da Hajiya ta gani da tiren tumatir ba daga sama ta faɗo ba. Daga Agbogbloshie zuwa Avenor, cikin masu rumfuna da ɗakunan katako a bakin layi akwai 'yan uwanmu da yawa. Ana zubar da shara a magudanar da Baba ya ce ita ce ran dogo. Ana kwance ƙarafa a sayar a matsayin gwangwan, kuma wani ne ke saye. Hatta jirgin Pesa ɗin nan, a gwajinsa na Afrilun 2024 wata babbar mota ya daka da aka bari a kan layi. In muna son jirgi ya yi gudu sai an bar masa hanya, kuma limamanmu da sarakunan zango su faɗi haka a fili.

Hajiya ta Tema:
Malam, ban musa maka ba, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Yarinyar da ta zo daga arewa tana kayaye, wato dako, ta yini da kwano a ka, ina kuɗin da za ta kama ɗaki a garin da mai gida ke neman hayar shekara biyu a dunƙule? A bakin layin take kwana don nan ne kusa da kasuwa. Mu kanmu Kantamanto a filin reluwe take. Da gobara ta cinye ta a 2013, da kuma wadda ta tashi ranar 2 ga Janairun 2025, kowa ya kwana da tsoron kada a ce an karɓe filin. Dubban gidaje ke ci daga wurin nan. Kuma ba talaka ne kaɗai ya ci filin dogo ba, akwai gine-ginen siminti masu bene a bakin layi, wa ya ba su takarda? In katafila ta zo, rumfar katako take fara hawa.

Malam na Sabon Zango:
Hajiya, a rushe na siminti kafin na katako, na yarda. Amma a ƙarshe dukansu sai sun matsa. Rai nake ji wa tsoro. Yaro na wasa taku biyu daga inda jirgi ke bi.

Hajiya ta Tema:
Su matsa zuwa ina? Wannan nake so a fara amsawa.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ku godewa Allah ku da kuka ga jirgi na motsi a shekarun nan. Mu a Kumasi layin da ya ratsa wajen Kejetia kasuwa ya zama, a kan ƙarafan ake baje takalma da atamfa. Tashar Adum tana nan ba jirgi. Garin da layi biyu suka haɗu a cikinsa, na Sekondi da na Accra, yau ko ɗaya ba ya shigowa. A yamma kuma masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na haƙa har gindin dogo. Abin da Malam ke faɗa na gani da ido: in jirgi ya daina wucewa na 'yan shekaru, fili ya tafi, dawo da shi sai an yi rigima da mutanen da suka riga suka kafa rayuwarsu a wurin.

Ɗalibar Injiniya, Madina:
Kawu, wannan ne ya sa ni nake ganin ko jirgi ɗaya ne a bar shi yana wucewa kullum, domin wucewarsa ita ke tsare filin.

Game da tambayar Hajiya, a duba Dakar. Jirginsu na cikin gari da ya fara aiki a Disamban 2021, kilomita 36 zuwa Diamniadio, a kan tsohuwar hanyar dogo suka gina shi. Sun shimfiɗa sababbin layuka biyu masu faɗi, suka bar ɗaya na tsohon faɗi don kaya, suka katange hanyar. An tashi mutane da yawa, kuma an yi ta ƙorafi kan diyya, don haka ba cewa nake sun yi daidai a komai ba. Amma sun sa kuɗin tashin mutane cikin kuɗin aikin tun farko. Mu ma hanyar tana nan, daga Accra zuwa Nsawam wajen kilomita 40, ta ratsa daidai unguwannin da gari ke faɗaɗa zuwa cikinsu. Samun irin wannan hanya a tsakiyar gari shi ne abu mafi tsada, kuma mun gada kyauta.

Mai Albasa, Adjen Kotoku:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma irin na Dakar kuɗi ne mai yawa, kafin a samu mun tsufa. Ba za a iya lallaɓa wanda ke akwai ba tukuna?

Ɗalibar Injiniya, Madina:
Za a iya, Alhaji. A gyara rassan kaucewa a Achimota da Amasaman da Kotoku, a samu jirgi fiye da ɗaya, a sa masu gadi da shinge a mararraba irin ta Graphic Road. Sannan a buga jadawali a manna a kowace tasha, a kuma cika shi. Ko sawu huɗu ne a yini, in mutane sun san ba ya saɓawa za su tsara fitarsu a kansa.

Ɗan Nima:
In aka yi haka ni da kaina zan koma lodi a bakin tashar Achimota.

Alhaji na Fadama:
Amma fa a sani jirgin fasinja ba ya riƙe kansa da kuɗin tikiti. A da koko da katako da ma'adinai ne ke biyan albashi da gyara. Da kayan suka koma kan tirela sai aljihun reluwe ya bushe. In gwamnati ba ta ware kuɗin gyara kowace shekara ba, za a gyara a yi biki, bayan shekara biyu a koma gidan jiya.

Jikan Baba, Nsawam:
Na sake karanta wa Baba. Ya ce a gaya wa ɗalibar nan ta yi karatu da kyau, amma ta sa abu ɗaya a gaban jadawali. Ya ce daga tashar Accra zuwa Achimota layin a kwarin kogin Odaw yake tafiya, inda ruwa da gobarar gidan mai suka yi ɓarnar nan ta 3 ga Yunin 2015 da ta ci rayuka fiye da 150 a Circle. Duk damina ruwa na hawa kan dogo a wurin, ya bar laka da leda cikin tsakuwa. Ya ce in shi aka tambaya, a fara da yashe magudanu da buɗe kwalbatocin wannan yankin da rani, kafin ruwan Mayu da Yuni, a ɗaga layin da sabuwar tsakuwa, a kuma dawo da lebura masu zagaye na dindindin, kowace ƙungiya da yankinta. Ya ce a ɗauki samarin Alajo da Avenor ɗin da ke zaune a bakin layin, su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya.